Yadda Mai Hidima Zai Auna Labarin Hatsarin Mota

Idan hatsari ya faru a hanya, fasto yana cikin mutanen farko da ake nema. Shi zai je asibiti, shi zai yi sanarwa a majami'a, shi kuma zai tsaya a bakin kabari. Abin da ya faɗa game da yadda hatsarin ya faru, jama'a suna ɗaukarsa a matsayin gaskiya. Saboda haka ya wajaba mu iya rarrabe abubuwa uku a cikin kowane labari: abin da aka gani, abin da wani ya ce, da abin da mai labarin ya yanke da kansa.

Adadin farko ba shi ne na ƙarshe ba

A watan Oktoba na 2024 tankar mai ta kife a garin Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura a Jihar Jigawa, daga baya ta kama da wuta. Rahotannin farko sun ce mutum sama da 90 ne suka rasu. Cikin 'yan kwanaki adadin ya haura 150, domin da yawa daga waɗanda suka ƙone sun cika a asibiti. Na farkon ba ƙarya ba ne, labari ne da bai kammalu ba. Shi ya sa ƙasashe da dama suke ƙirga duk wanda ya rasu cikin kwana 30 bayan hatsari.

Haka kuma lissafin shekara yake bambanta bisa ga wanda ya ƙirga. A rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018, adadin da Nijeriya ta bayar na waɗanda suka mutu a hanya a 2016 ya ɗan haura dubu 5, amma kiyasin hukumar ya kusa dubu 40. Na farko lissafin abin da ya shiga takarda ne, na biyu kiyasi ne da ya haɗa da waɗanda aka binne ba tare da an kai rahoto ba. Duk lokacin da ka ga lamba, ka tambaya: wa ya ƙirga, yaushe, kuma me ya ƙirga?

Wa ya faɗi dalilin?

Sau da yawa za ka ji an ce “gudun wuce kima ne” ko “birki ne ya ƙwace” alhali ko sa'a uku ba a yi da faruwar abin ba. Gudu yana kisa, babu musu. Amma sanin dalilin wani hatsari yana bukatar duba motar, da tayoyinta, da hanyar, da jin bakin shaidu. Akwai bambanci tsakanin jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da ya ba da sunansa, da “wani ganau” ko “majiya mai tushe”. Wasu daga cikin waɗanda ake kira ganau sun iso ne bayan sun ji ƙara.

Inda son kai yake ɓuya

Son kai ba lallai ne ya zo da ƙarya ba. Yakan ɓuya a cikin abin da aka zaɓa a faɗa da abin da aka bari. Ka lura da waɗannan:

Na ɗaya, ambaton ƙabila ko addinin direba. Wannan ba ya bayyana yadda mota ta kife, sai dai ya nuna wa masu fushi wanda za su far wa.

Na biyu, jimlar “direban ya tsere”. Mai ji zai ɗauka ya amsa laifi ke nan. Amma direbobi da yawa suna gudu ne don tsoron kada taro ya kashe su nan take.

Na uku, yadda ake gina magana. Idan ɗan acaɓa ne, a ce “ya faɗa wa mota”. Idan ayarin wani babba ne, a ce “hatsari ya rutsa da wasu mutane”, kamar babu wanda yake riƙe da sitiyari.

Na huɗu, abin da aka yi shiru a kai: ramuka, rashin alamun hanya, motar da ta lalace aka bar ta a kan titi da dare, ko mai mota da ya hana direba barci.

Maganar da mu kanmu muke yaɗawa

Daga Satumba zuwa Disamba akan ji ana cewa watanni ne da aljanu ko matsafa suke neman jini a hanya. Wannan ma da'awa ce marar hujja, ko da daga bagade ta fito. Abin da kowa yake iya gani shi ne tafiye-tafiye suna ƙaruwa, direbobi suna rige-rigen sawu, ana lodi fiye da kima, hazo kuma yana rage gani. Idan muka ɗora komai a kan aljanu, mai sudadden taya ya sami mafaka, gwauruwa kuma ta fara zargin dangin mijinta. Dokar da ta hana shaidar zur ta shafi har saƙon WhatsApp da muka tura ba mu tantance ba.

Saboda haka, a wurin sanarwa ka faɗi abin da ka tabbatar kaɗai: wuri, rana, da sunayen da iyali suka amince a ambata. Kada ka tura hoton gawa, kada kuma iyali su fara jin rasuwar nasu daga dandalin ikkilisiya.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Ku kawo rahotanni biyu a kan hatsari guda. A ina suka saɓa, kuma wa kowannensu ya jingina wa maganarsa?

2. Wani dattijo ya nemi ka faɗi a wurin jana'iza cewa direban ne ya kashe ɗansu, alhali ba a gama bincike ba. Me za ka ce masa?