Shanun Dutse na Birnin Kudu

In mutum ya tashi daga Kano ya bi ta Wudil, bayan tafiyar kimanin kilomita 130 sai ya isa Birnin Kudu. Garin yana kudancin Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano a 1991. Tun kafin matafiyi ya shiga gari zai fara hangen manyan duwatsu, wani bisa wani, kamar an jera su da hannu. Da damina, in ciyawa ta yi kore kewaye da su, abin gwanin ban sha'awa.

Amma ba kyan duwatsun kaɗai ke kawo baƙi ba. A jikin waɗansunsu, kamar Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, akwai surorin shanu waɗanda mutanen da suka zana da jan launi da fari. A cikin kogo da ƙarƙashin inuwar dutse suka yi su, inda ruwan sama ba ya duka. Don haka ne suka daɗe ba su goge ba.

To, yara, in kun je ku duba da kyau, za ku ga abin mamaki. Shanun da muka sani, irin waɗanda Filani ke kiwo, ko wanne yana da tozo. Amma na jikin dutsen nan ba su da tozo. Waɗansu suna da dogayen ƙahoni, waɗansu kuwa gajeru, kamar na muturu. Wannan ya nuna mana irin shanun da aka yi kiwo a ƙasar nan tun kafin kakannin kakanninmu. Can cikin Hamada ma, a ƙasar Aljeriya, akwai zanen shanu a jikin duwatsu, watau tun zamanin da wurin ke da ruwa da ciyawa.

Akwai kuma wani abin. Kusa da zanen akwai duwatsu masu amo. In aka ƙwanƙwasa su da ɗan dutse sai su yi ƙara kamar kuge, kuma ko wanne da irin muryarsa. Saboda yawan bugu har sun yi 'yan ramuka masu santsi. A 1955 wani Bature masanin kayan tarihi, mai suna Bernard Fagg, ya bincika su, sa'an nan ya rubuta labarinsu, duniya ta sani. Shi ne wanda ya kafa gidan kayan tarihi na Jos.

Hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa ita ke tsaron wuraren nan, amma ba ta iyawa ita kaɗai. Hayaƙi yana baƙanta zane. Shafawa da hannu tana cinye launi. Masu fasa dutse kuwa suna iya rushe kogo ɗungum. Yaron da ya rubuta sunansa da gawayi a kan saniya ɗaya ya ɓata abin da ba mai iya mayarwa. Saboda haka in kun kai ziyara, ku kalla da ido, ku bar wa na baya su ma su gani.

Tambayoyi

1. Me ya bambanta shanun dutse da shanunmu na yau?
2. Don me ruwan sama bai goge zanen ba?
3. Faɗi abu uku da ke ɓata zanen.