HAYAR GIDA DA MAKARANTAR YARA: LISSAFIN DA KE GABAN MAGIDANTA A ABUJA

Abu biyu ne suka fi hana ƙaramin ma'aikaci barci a Babban Birnin Tarayya, watau ranar da wa'adin hayar gidansa zai cika, da kuma ranar da yara za su koma makaranta. Galibin magidanta sukan ɗauke su a matsayin matsaloli dabam-dabam, su tunkari kowacce idan lokacinta ya yi. Amma duk wanda ya daɗe a garin ya san igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Unguwar da mutum ya kama haya ita ke yanke masa makarantar da 'ya'yansa za su iya zuwa, da hukumar da ke biyan malamansu, har da ƙarfe nawa za a tashe su daga barci.

Saboda haka magidancin da ya bi dillali ya duba ɗaki da rijiya da mitar lantarki, ya biya kuɗin shekara, bai taka ƙafa ya leƙa makarantar gwamnati da ke unguwar ba, rabin ciniki kawai ya gani. Sauran rabin yana nan yana jiransa a farkon zangon karatu.

YADDA AKA TSARA GARIN

Ba haka waɗanda suka zana Abuja suka nufa ba. A watan Fabrairu na 1976 ne gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar ƙirƙiro sabon babban birni, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Babban tsarin birnin da aka kammala a 1979 ya raba shi gunduma-gunduma, kowace gunduma kuma unguwa-unguwa, aka tanadar wa unguwanni filayen makarantun firamare yadda yaro zai fita daga gida ya isa aji da ƙafarsa. Ana iya ganin sawun wannan tsari har yanzu a tsofaffin gundumomi irin su Garki da Wuse, inda makarantun gwamnati ke tsakiyar gidajen da aka gina wa ma'aikata.

Da aka dawo da mazaunin gwamnati daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991, sai jama'a suka kwararo fiye da yadda gidaje za su iya ɗauka. Nyanya, wadda aka fara ta a matsayin sansanin leburorin da ke gina birnin, ta zama gari guda. Kubwa ma, inda aka yi niyyar sake tsugunar da 'yan asalin yankin, ta cika da ma'aikata. Daga 2003 gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta daina bai wa ma'aikaci gida, ta koma sanya masa kuɗin gida cikin albashi, sa'an nan daga 2005 aka shiga sayar da gidajen gwamnati, a zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake Ministan Birnin. Wanda ya sami saye ya tsira. Wanda aka ɗauka aiki bayan haka kuwa sai ya faɗa hannun masu gidajen haya, kuma rushe-rushen unguwannin da aka gina ba bisa ƙa'ida ba a waɗancan shekaru ya ƙara tura talakawa bayan gari.

Sakamakon haka shi ne, makarantun da aka gina tun farko suna cikin gari inda haya ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, yaran kuma suna can bayan gari inda gine-ginen gidaje suka riga ginin azuzuwa nisa.

IYAKAR DA IDO BA YA GANI

Wani abin da baƙo ba ya lura da shi shi ne, abin da ake kira Abuja a baki ƙasar gwamnatoci uku ce. Mai tafiya a kan hanyar Keffi, da zarar ya wuce Nyanya ya shiga Mararraba, ya bar Birnin Tarayya ya faɗa Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, haka nan Masaka da ke gaba. Wanda ya bi ta Zuba ya shiga Madalla ko Suleja, yana cikin Jihar Neja. Shaguna da gidaje sun haɗe, ba mai cewa ga inda wannan ta ƙare waccan ta fara, amma makarantar da ke wannan gefe da ta wancan gefe ba aljihu ɗaya ke ciyar da su ba.

Dokar Ilmin Bai-Ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na babban asusun Gwamnatin Tarayya don tallafa wa jihohi, da sharaɗin sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. Ke nan doka ɗaya ce ta game ƙasar duka, amma yawan azuzuwa da benci da malamai a kowace makaranta ya danganta da himmar hukumar da ke riƙe da ita. A cikin Birnin Tarayya kansa, albashin malaman firamare yana wuyan majalisun yankuna shida ne, watau ta cikin birni da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji. Manufar ilmi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ya riƙe yara 35 a firamare. A unguwannin da jama'a suka yi wa yawa, iyaye sukan iske abin ya ninka haka, har wasu yaran na zaune a ƙasa.

LISSAFIN DA BA A YI

A ƙaddara ma'aikata biyu ne a ofis ɗaya, kowannensu da yara uku. Na farko ya kama gida a kan N1,500,000 a shekara, a unguwar da ke da makarantar gwamnati mai dama-dama, yaransa suna zuwa da ƙafa. Na biyu ya nufi bayan gari ya sami irin gidan a kan N700,000. A ido, na biyu ya tsira da N800,000.

To, amma a ce ya leƙa makarantar gwamnati ta unguwarsu ya ga ba za ta yiwu ba, ya kai yaran makarantar kuɗi mai karɓar N60,000 kowane zango. Yara uku, zango uku, N540,000 ke nan. A ce kuma nisan da ya ƙara yana cin masa ƙarin N1,500 na mota kullum, cikin kwana 240 na aiki, N360,000 ke nan. An tashi N900,000, har ya zarce abin da yake zaton ya rage. In kuwa ya zaɓi ya riƙa shigo da yaran makarantar gwamnati ta cikin gari, kowane yaro N1,000 zuwa da komowa cikin kwana 190 na karatu, N570,000 ce za ta tafi, lissafin bai sauya ba. Waɗannan alƙaluma misali ne kawai, kowane magidanci sai ya sa nasa a gurbinsu. Abin nufi shi ne a haɗa haya da mota da makaranta a tara su wuri ɗaya kafin a ce wannan gida ya fi wancan araha.

Dalilin da ya sa ba a cika yin wannan lissafi ba a fili yake. Haya a dunƙule ake biyanta, shekara guda gaba ɗaya, wani lokaci ma biyu, ga la'adar dillali da kuɗin rubuta yarjejeniya a kai, don haka zafinta nan take ake jinsa. Kuɗin mota kuwa kullum yake fita kaɗan-kaɗan, kamar yoyon tulu, ba a ankara sai an ga ƙasa ta jiƙe. Daɗin daɗawa, tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da N200 ta haura N1,000 kafin ƙarshen 2024. Mai gida ba ya iya ƙara haya sai wa'adi ya cika, amma direba yana iya ƙara kuɗin mota gobe da safe.

ABIN DA KUƊI BA SA AUNAWA

Akwai kuma asarar da ba ta shiga takarda. Cunkoson hanyar Mararraba zuwa cikin gari sananne ne ga kowa. Yaron da zai bi ta don ya isa makaranta kafin a buga ƙararrawa, dole a tashe shi da asuba, ya karya kumallo a tsaye ko a cikin mota, ya isa aji yana gyangyaɗi. Kafin ya komo gida la'asar ta yi sanyi, Islamiyya ta wuce shi, aikin gida da malami ya bayar kuma sai a yi shi da dare cikin gajiya, in an yi sa'a akwai wuta. Ga iyayen 'ya'ya mata abin ya fi nauyi, domin ba kowane uba ne hankalinsa zai kwanta 'yarsa mai shekara 12 tana tsaye a bakin titi tana jiran mota gari bai gama wayewa ba.

Uban da ke fita kafin yara su tashi, ya dawo sun yi barci, shi ma bai san abin da ke cikin littafinsu ba, balle ya halarci taron iyaye da malamai. Makarantar da iyaye ba sa leƙawa kuwa, da wuya ta gyaru.

CIKIN GARI MA BA TABBAS

Kada a ɗauka cewa duk wanda ya biya haya mai tsada ya huta. A 2025 malaman firamare na gwamnati a Birnin Tarayya sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki, daga watan Maris zuwa Yuli, saboda majalisun yankuna ba su biya su sabon mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba, tare da wasu basussuka. Yajin bai bambanta Garki da Kwali ba, duk an rufe azuzuwa. Tsadar unguwa ba ta zama shaidar kyawun makarantarta ba, kamar yadda ake samun makarantun bayan gari da hedimasta mai ƙwazo ya riƙe su da kyau.

Haka nan dole a faɗi gaskiya game da wanda ba shi da zaɓi. Ma'aikacin da ke karɓar N70,000 a wata, albashinsa na shekara duka N840,000 ne. Ko lissafi ya nuna masa gidan kusa ya fi sauƙi a ƙarshe, ba shi da dunƙulen kuɗin da zai biya. Amma ko a bayan garin, tsakanin wannan layi da wancan akwai bambanci, kuma gida mai nisan tafiyar minti goma da makaranta mai malamai ya fi wanda ya ɗan fi shi faɗi amma sai an hau babur.

YADDA WASU SUKA YI

A Amurka abin a bayyane yake, domin a yawancin wurare adireshin gida ne ke nuna makarantar gwamnatin da yaro zai shiga, kuma babban kaso na kuɗin makarantun daga harajin gidajen yankin yake fitowa. Don haka farashin gida a can yana ɗauke da darajar makarantar da ke kusa da shi, mai saye kuma ya san abin da yake biya. A nan Nijeriya ba a ɗaure yaro da adireshi haka ba, nisa da kuɗin mota ne suke yin wannan aiki a ɓoye.

A cikin gida ma akwai abin koyi. Lokacin da Alhaji Lateef Jakande ya yi Gwamnan Jihar Legas daga 1979 zuwa 1983, ya tarar ana karatu kashi-kashi, wasu yara da safe wasu da rana, saboda ƙarancin azuzuwa. Ya soke wannan tsari ta hanyar gina azuzuwa masu sauƙin kuɗi a cikin unguwanni, a lokaci guda kuma yana gina rukunin gidaje masu rahusa a wurare irin su Amuwo-Odofin da Isolo da Abesan. An soki gine-ginen da rashin ƙawa, amma sun nuna cewa gidan talaka da makarantar ɗansa aiki ɗaya ne. Hukumomin Birnin Tarayya da na Nasarawa da Neja, waɗanda ma'aikata ɗaya ke kwana a wajen wannan su yi aiki a wajen wancan, suna da bukatar zama wuri ɗaya a kan wannan batu.

KAFIN A BIYA DILLALI

Kafin hukuma ta yi nata, magidanci yana da nasa. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Kafin ya miƙa kuɗin haya, ya kamata ya je makarantar unguwar a ranar karatu, da misalin ƙarfe 10 na safe, ba ranar Asabar da dillali ya fi son yawo da mutane ba. Ya leƙa aji ya ƙirga kawuna da benci, ya ga ko akwai malami a gaban allo. Ya karɓi littafin wani yaro ɗan aji huɗu ya duba ko ana gyara masa aiki, in da hali ya sa shi ya karanta layi biyu. Ya duba ruwan sha da makewayi da katanga. Ya tambayi hedimasta ko akwai gurbi, da abin da ake karɓa da sunan ƙungiyar iyaye da malamai, da kuma inda ƙaramar sakandare mafi kusa take, tun da ɗan aji biyar na bana ba zai daɗe a firamare ba. Sa'an nan ya taka daga ƙofar gidan zuwa ƙofar makarantar da ƙafarsa, ya ga ko sai an tsallaka babban titi, ya kuma tambayi maƙwabta yadda hanyar take da damina.

Wa'adin haya shekara guda ne, in gida bai yi daɗi ba ana iya tashi baɗi. Yaron da ya gama aji uku bai iya karatu ba kuwa, da wannan rauni zai shiga aji huɗu, ko da an sauya masa unguwa.