Gaskiya ko Jita-jita: Dole ne direba ya tsaya cak a allon STOP ko da titi ba kowa?

Da yawa daga cikin matuƙa tasi da masu babur a Nima da Maamobi sun san hanyoyin kauce wa cunkoso. Idan babban titin Nima ya cushe, musamman ranar Laraba da kasuwa ke ci, sai a zame ta ƙananan titunan Kanda ko a bi ta bayan unguwa a ɓullo New Town. A irin waɗannan tituna masu shiru ne muke cin karo da jan allon nan mai kusurwa takwas, kuma a nan ne muhawara ke tashi tsakanin direba da fasinja. Mun tattaro maganganun da aka fi ji, muka auna su da doka da kuma lissafi.

"Idan titi ba kowa, rage gudu ya wadatar"

Ba haka ba ne. Allon STOP yana nufin tayoyi su daina juyawa gaba ɗaya kafin farin layi, ko kafin bakin mahaɗar idan babu layi, sannan direba ya duba ya wuce. Dokar zirga-zirgar ababen hawa ta Ghana ta 2004, wato Act 683, da ƙa'idojin 2012 da aka fi sani da L.I. 2180, sun wajabta bin alamomin hanya, kuma allon bai ware dare ko ranar da titi ke fayau ba. Akwai wata alama dabam wadda ta yarda da rage gudu kawai: allo mai kusurwa uku da tsininsa ya kalli ƙasa, wanda ke cewa a ba na babban titi hanya. Da ma'anarsu ɗaya, da ba a yi su biyu ba.

Dalilin da ya sa aka bambanta su shi ne gani. Ana kafa STOP ne a wurin da direba ba zai iya hango abin da ke tahowa ba sai ya iso bakin mahaɗar. Mu ɗauki mahaɗa irin wadda muka saba da ita: a kusurwar dama akwai shagon kwantena mai sayar da katin waya, a hagu an ajiye trotro ana gyaran taya, gaba kaɗan ga teburin mai waakye da laimarta. Direban da ya ce "ba kowa" bai ga titin ba tukuna, abin da ya gani shi ne bayan kwantena. Motar da ke gangarawa da gudun kilomita 15 a awa tana cin sama da mita 4 a kowace daƙiƙa, kuma mutum yakan ɗauki daƙiƙa ɗaya ko fiye kafin ƙafarsa ta bar totur ta taka birki. Kafin birkin ya kama, motar ta riga ta shiga titin da kusan tsawonta. Babur mai gudun kilomita 40 kuwa yana cin mita 11 a daƙiƙa. Wanda bai bayyana ba sa'ad da direba ya waiga, yana iya isowa kafin ya juyo da kansa.

Me ya sa wannan magana ta kama zukata haka? Domin kusan kullum tana fitowa daidai. Mutum ya gangara ya wuce yau lafiya, gobe ma lafiya, shekara ta zagayo ba abin da ya faru, sai zuciyarsa ta ɗauki sa'a a matsayin hujja. Ga kuma fasinja a baya yana cewa, "Maigida, wuce mana, wa kake jira?" Kuskuren da ba ya hukunta mai shi nan take shi ya fi saurin yaɗuwa, kuma yaron mota yana koyonsa daga ubangidansa tun kafin ya je neman lasisi a DVLA.

"Ni ɗan unguwa ne, na san titin nan kamar yunwar cikina"

Sanin titi gaskiya ne, amma abin da muka sani shi ne ramuka da kwana da inda kwata ta buɗe baki. Ba wanda ya san lokacin da yaro zai fito da gudu daga lungu an aike shi sayen koko, ko lokacin da 'yan makarantar allo za su taso, ko tsohon da ya fito sallar asuba cikin duhu. Sabo ma yana da illarsa: idon da ya saba ganin titi wayam yakan duba ba tare da ya gani ba. Masu binciken haɗurra sun daɗe da sanin wannan, musamman game da babura, domin ƙarfen da ke gefen gilashin gaba kaɗai ya isa ya ɓoye babur da mahayinsa na ɗan lokaci. Tsayawa cak tana ba ido damar dubawa sau biyu.

Kuma shirun titi ba ya nufin babu mutane. A zango, ƙananan tituna su ne filin ƙwallo, su ne wurin hira, su ne harabar masallaci ranar Juma'a. Mafi yawansu ba su da gefen masu tafiya a ƙasa, kowa a kan kwalta yake. Shi ya sa ƙa'idojin 2012 suka sa iyakar kilomita 30 a awa kusa da makaranta, asibiti, kasuwa, masallaci da coci, alhali a sauran cikin gari iyakar 50 ce. Duk wanda ya bi ta gaban Asibitin Maamobi ko kasuwar Nima zai ga cewa da wuya a yi tafiyar minti biyu ba a wuce ɗaya daga cikin waɗannan ba.

"An kafa allon ne don 'yan sanda su samu na goro"

Mun fahimci inda wannan zargi ya samo asali, domin ƙorafin direbobi game da abin da ke faruwa a shingayen hanya ba sabo ba ne. Sai dai allon ya girmi wannan ƙorafi, kuma ba a Ghana aka ƙirƙiro shi ba. An fara kafa shi a birnin Detroit na Amurka a 1915. A 1923 aka ba shi kusurwa takwas domin a gane shi ko ta baya aka hango shi, ya daɗe yana rawaya, sai a 1954 aka mayar da shi ja. Yarjejeniyar Vienna ta 1968 kan alamomin hanya ta sa shi cikin alamomin da ƙasashe suka amince da su. Aikin 'yan sandan hanya na MTTD tilasta bin doka ne, kafa alluna kuwa aikin hukumomin hanya ne. Direban da ya tsaya cak ma ya rage wa mai neman laifinsa hanyar samu.

"Tsayawa tana cin mai, kuma na baya zai buge ka"

Akwai ɗan gaskiya a rabin farko: tashi daga tsaye yana shan mai fiye da gangarawa. Amma ƙaramar mota da injinta ke aiki a tsaye ba ta wuce shan kimanin lita ɗaya a awa guda ba, balle tsayuwar daƙiƙa biyu ko uku. Kuɗin fitila ɗaya da ta fashe ya fi abin da za a tara a wata. Batun na baya kuwa, maganinsa shi ne a fara taka birki da wuri domin jar fitila ta sanar da shi, ba a tsaya kwatsam ba. Barin tazara nauyi ne a kan wanda ke baya, ko da ya cika titi da oda.

"Dokar ta masu mota ce, ban da okada da pragya da aboboyaa"

Duk abin hawa mai inji yana ƙarƙashin alamomin hanya. Wasu kan kafa hujja da cewa a ƙasashen waje an sassauta wa ababen hawa masu taya biyu. Asalin labarin shi ne jihar Idaho ta Amurka ta yi doka a 1982 wadda ta yarda mai keke ya rage gudu ya wuce idan hanya fayau take, wasu jihohi kuma suka bi sahu daga baya. Keken da ake tuƙawa da ƙafa ake nufi, mai tafiya a hankali, ba babur ba. Ga mota, Amurkar ba ta sassauta ba: a 2022 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar ta sa kamfanin Tesla ya gyara manhajar motoci kusan 54,000 saboda tana barin mota ta gangara ta wuce STOP ba tare da tsayawa ba. Mai babur ma ya fi kowa buƙatar tsayuwar, tunda jikinsa ne bodin motarsa.

"Wasu allunan ba su da amfani a inda aka sa su"

Wannan kam tana iya zama gaskiya. Injiniyoyin hanya da kansu sun yarda cewa idan aka yawaita STOP a inda ake gani sarai, direbobi sukan raina shi har a inda ake buƙatarsa. A Ingila da wuya a ga allon sai a mahaɗar da gani ya yi wuya ƙwarai, sauran duk alamar ba da hanya ce. A wurinmu matsalar takan juya: cikin lungunan Nima mahaɗu da yawa ba su da allo ko kaɗan, wasu sun koɗe, wasu an manne su da hotunan 'yan takara. Rashin allo bai ɗauke wa mai fitowa daga ƙaramin titi nauyin ba na babban titi hanya ba, kuma inda ba a gani, tsayawa ce kaɗai hanyar yin hakan.

Allon da aka sa ba daidai ba, hukuma ce ke cire shi, ba direba ba. Nima tana ƙarƙashin majalisar Ayawaso ta Gabas, Maamobi kuma Ayawaso ta Arewa, kuma kowace unguwa tana da wakilinta da aka zaɓa. A shekarun nan Ghana tana rasa fiye da mutum 2,000 a kowace shekara a kan tituna, bisa alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra ta NRSA, kuma masu tafiya a ƙasa da masu babur suna da kaso mai yawa a ciki. Muna kira ga shugabannin tashoshi da limamai da sarakunan zango su kai wa wakilan nan jerin mahaɗun da ke buƙatar allo ko sabon fenti. Kai kuma direba, idan ka iso jan allon, taka birki har tayoyi su tsaya, ka dubi hagu, ka dubi dama, ka sake duban hagu kafin ka shiga.