Tsohon Injin Yankan Itace: Yadda Ake Gane Nagari Kafin a Saya

Gabatarwa

Tun daga shekarar 1926, lokacin da wani injiniya Bajamushe mai suna Andreas Stihl ya ƙera zarto mai sarƙa da ke aiki da lantarki, ya kuma biyo shi da mai amfani da fetur a 1929, wannan inji yake ta maye gurbin gatari a dazuzzukan duniya. Sabonsa yana da tsada, saboda haka manoma da masu sana'ar katako da yawa sukan nemi wanda aka taɓa amfani da shi. To, amma Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Fenti da sheƙi ba su nuna lafiyar inji, domin wurin da yake lalacewa yana can ciki inda ido ba ya kaiwa. Wannan maƙala za ta nuna yadda ɗan ilimin kimiyya zai taimaki mai saye ya rarrabe lahanin da ke gyaruwa da araha da wanda ke cinye kuɗin injin gaba ɗaya.

Yadda injin ke aiki

Zarton fetur yana ɗauke da ƙaramin inji irin wanda ake kira mai bugu biyu, wato fistin yakan hau sau ɗaya ya sauka sau ɗaya, sai wuta ta tashi. Idan fistin ya hau cikin silinda, yakan matse gaurayen iska da fetur, fulogi ya ba da tartsatsi, gaurayen ya kama da wuta ya turo fistin ƙasa da ƙarfi. Idan an buɗe masa wuta sosai, injin yakan juya fiye da sau 12,000 a minti ɗaya, wato sau 200 ke nan a daƙiƙa guda.

Abin lura a nan shi ne, irin wannan inji ba shi da ma'ajiyar baƙin mai kamar ta mota. Man da ke hana ƙarfe cin ƙarfe ana gauraya shi ne cikin fetur. Kamfanoni da yawa suna umurni da kashi 1 na mai cikin kashi 50 na fetur, wato mililita 100 ga lita 5. Idan mai injin ya zuba zallan fetur, ko iska ta riƙa kutsawa ta wata kafa, zafi zai yi yawa. Fistin kuwa da alminiyam aka yi shi, ƙarfen da ke buɗewa da sauri idan ya ji zafi. Da ya buɗe sai ya riƙa gugar bangon silinda yana kartarsa. Haka kuma idan matacin iska ya yage, ƙura irin ta hunturu takan shiga ta cinye zoben fistin kamar yadda yashi ke cin ƙarfe. Dukkan waɗannan ƙarshensu ɗaya ne, matsi ya ragu, ƙarfi ya tafi.

Gwajin matsi

Gwaji na farko ba ya bukatar kayan aiki. A kashe makunni, a kama mariƙin igiyar tayarwa, a ɗaga injin da ita. Idan ya tsaya cak, ko ya riƙa sauka a hankali yana tsayawa, matsinsa na da kyau. Idan kuwa ya sulale ƙasa har igiyar ta ƙare, iska na tserewa ta gefen fistin. Inda makaniki ke da agogon awon matsi, lafiyayyen inji yakan nuna wajen fam 150 a kan kowane murabba'in inci, kimanin ninki goma ke nan na nauyin iskar da ke kewaye da mu. Wanda ya yi ƙasa da 100 da ƙyar yake tashi.

Bayan haka a nemi iznin mai kaya a kwance salansa, a haska tocila cikin kafar hayaƙi. Fistin mai lafiya sumul yake. Idan an ga zane-zane a tsaye kamar an karce shi da ƙusa, to injin ya taɓa ƙonewa, kuma gyaransa sai an sauya fistin, wani lokaci har da silinda.

Gwajin kunne da ido

A taɓa jikin injin a tabbata da sanyinsa kafin a tayar da shi. Idan ya tashi, a bar shi yana aiki a hankali. A wannan hali bai kamata sarƙa ta motsa ba. Sai a karkata shi dama, a karkata shi hagu. Idan ƙararsa ta hau da kanta, ko ya mutu, alama ce robobin da ke toshe gefen sandar juyi sun saki, iska na shiga, kuma wannan ita ce hanyar ƙonewar fistin. Daga nan a yanka gungume mai tauri, kamar na maɗaci ko ƙirya, a kashe injin, a sake tayar da shi da zafinsa. Inji mai raunin matsi yakan ƙi tashi a wannan lokaci.

A kuma nuna bakin zarton ga farar takarda, ba tare da ya taɓa ta ba, a buɗe wuta. Ɗigon mai a kan takardar shi ke nuna famfon da ke shafa wa sarƙa mai yana aiki.

Batun tsaron rai

Sarƙar tana gudun kimanin mita 20 a daƙiƙa. Idan saman bakin zarton ya ci karo da abu mai tauri, injin yakan yi tsalle ya nufo fuskar mai riƙe da shi. Domin haka aka yi masa birki a gaban hannun hagu. A tura shi gaba sarƙa na gudu, lalle ne ta tsaya nan take. Injin da aka cire wa birki ba abin saye ba ne sai an mayar masa, komai arahar sa.

Kammalawa

Sarƙa da ta dakushe, da fulogi, da matacin iska, da igiya, da doguwar ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kanta, duk kayan sauyawa ne, dalilin neman ragi ne kawai. Amma kartaccen fistin, da tsagewar gangar jikin injin, da shigar iska, su ne manyan lahani. Mai saye ya duba lambar da kamfani ya buga a jikin injin, domin jabu sun yi yawa, ya kuma tabbata ana samun kayan gyaransa a kasuwar da ke kusa. Daga ƙarshe ya haɗa kuɗin saye da na gyara, ya gwada da kuɗin sabo. Idan tazarar ba ta da yawa, gara ya haƙura ya ƙara tari, domin araha ba ta ado.