Daga kujera zuwa gadon tausa

A shekarar 1986 David Palmer ya fito da kujerar tausa a birnin San Francisco na Amurka. Mutum kan zauna da tufafinsa, a matsa masa wuya da kafaɗu na kimanin minti 15, ba tare da shafa mai ba.

Sai dai abincin mai sana'ar yana kan gadon tausa, inda ake shafe sa'a guda. Kunya ce ke hana mutane ƙarasawa can. Gwanaye kan nuna wa mutum inda jijiya ta ɗaure, su bayyana masa cewa a zaune hannu ba ya isa ga cinya da sharaɓa yadda ya kamata, sannan su tabbatar masa za a lulluɓe shi da mayafi. Wanda ya samu natsuwa a kujera, shi ke dawowa.