Tarihin Yaƙi a Ƙasar Gwandu da Labaran 'Yan Mazan Jiya a Kalgo

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Kalgo ko a ƙauyukan da ke kewaye da ita ya san cewa maganar yaƙi ba ta rabuwa da bakin dattawa. Wani zai ba da labarin kakansa da ya yi zamani da hare-haren Kabawa, wani na mahaifinsa da aka kai Bama, wani kuma shi da kansa ya riƙe bindiga a Yaƙin Basasa. Manufar wannan maƙala ita ce ta jera waɗannan yaƙe-yaƙe bisa tsarin shekarunsu, sannan ta nuna wani abu guda: yaƙin da ya fi nisa da mu shi ne muka fi sani, domin waɗanda suka yi shi sun rubuta, na kusa da mu kuwa labarinsu yana bin masu shi zuwa kabari. Malaman makaranta su ne suka fi kowa damar tsare abin da ya rage.

Zamanin Jihadi

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah ya jiƙansa, ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. A watan Yuni na shekarar jama'arsa suka yi nasara a kan Gobirawa a Tafkin Kwatto, amma kafin shekarar ta ƙare an yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda aka ruwaito cewa kimanin mutum 2,000 suka kwanta dama. Yunwa da rashin makiyaya suka tura jama'a zuwa ƙasar Zamfara, daga can kuma aka shirya rundunar da ta nufo ƙasar Kabi a ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da Aliyu Jedo. Birnin Kabi ya faɗi a watan Afrilu na 1805, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice daga birnin, sannan Shehu da jama'arsa suka dawo Gwandu da zama a wannan shekarar.

Ba a daɗe ba, a ƙarshen 1805, Gobirawa da Kabawa da Azbinawa suka haɗa kai aka gwabza a Alwasa. Jama'ar Shehu ta sha kashi, ta yi asarar kimanin mutum 1,000, aka biyo ta har Gwandu, wadda a lokacin ba ta da ganuwa. A nan ne aka dage har aka kori maharan. Da Gwandu ta faɗi a wannan karon, da wuya a ce daular ta kafu. Daga baya aka kewaye garin da ganuwa, Alƙalawa ta faɗi a 1808, kuma a 1812 Shehu ya damƙa wa Malam Abdullahi kula da yammacin daula.

Dalilin da ya sa muka san waɗannan abubuwa filla-filla shi ne shugabannin yaƙin malamai ne masu alƙalami. Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, Malam Abdullahi kuma ya rubuta Tazyinul Waraƙati a 1813. Idan aka lura, waɗannan littattafai labaran tsofaffin mayaƙa ne, waɗanda suka rubuta tun abin yana ɗanye a zukatansu. Malam Abdullahi bai tsaya ga nasarori kaɗai ba. Ya kawo ranakun da aka sha kashi, ya kuma bayyana ɓacin ransa game da son duniya da ya ga ya shiga cikin mayaƙa, abin da ya sa har ya bar jama'a ya nufi gabas ya tsaya a Kano. Wannan gaskiya tasa ita ce ta ƙara wa littafin daraja a wurin masana tarihi.

Yaƙin Gwandu da Kabawa

Ga mutanen yankin Kalgo, yaƙin da ya fi taɓa rayuwar kakanninsu shi ne doguwar gabar da ta biyo bayan jihadi. Kabawa sun koma Argungu, aka kuma kashe Sarkin Kabi Karari a 1831. A 1849 ɗansa Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye, mutanen Arewa da Dandi da Zabarma suka mara masa baya. Tun daga nan fadamar Gulbin Kabi ta zama iyakar yaƙi, garuruwan da ke bakinta kuma suka zama su ne garkuwar Gwandu.

Baturen nan matafiyi ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, ya iso Gwandu a 1853 a zamanin Sarki Halilu, ya wuce ta Birnin Kabi da Diggi ya ƙetara fadama zuwa Zogirma. Abin da ya rubuta ya nuna ƙasa ce da ke cikin fargaba, hanyoyi ba amintattu ba, garuruwa da yawa sun zama kufai. A 1860 Sarkin Gwandu Haliru ya rasu a fagen fama da Kabawa. An sami sulhun da ake kira Lafiyar Toga daga 1867 zuwa 1875, sannan wuta ta sake tashi. A zamanin Sarkin Kabi Sama'ila, wanda aka fi sani da Sama, da ya hau sarauta a 1883, garuruwan Gwandu da dama sun ƙone, kuma a 1892 ya karya rundunar Sarkin Musulmi Abdurrahman a Argungu.

Ya kamata ɗalibi ya fahimci yadda ake irin wannan yaƙi. Yawancinsa hari ne na rani, bayan an kawar da amfanin gona kuma ruwan fadama ya janye yadda dawaki za su iya ƙetarawa. Runduna ta ƙunshi barade masu mashi da takobi, da 'yan lifidi waɗanda su da dawakinsu ke sanye da kariya ta auduga, da masu sulke, sai dakaru da 'yan baka waɗanda su ne mafi yawa. Kariyar gari ita ce ganuwa da gwalalo da sarƙaƙiyar ƙaya. Sarakuna sun kafa ribaɗi a bakin iyaka, kamar Ambursa, inda mayaƙa ke zaune da iyalansu suna noma suna tsaro. Abin da ake nema a hari shi ne dabbobi da hatsi da mutane, don haka talaka manomi da mata da yara su ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa.

Labarin wannan zamani ya zo mana galibi ta baka: kirari, waƙoƙin makaɗan fada, sunayen kufai da tarihin gidaje. A nan akwai abin lura. Yaƙi guda, idan aka ji shi a Gwandu aka kuma ji shi a Argungu, sai a ɗauka yaƙi biyu ne. Kowane ɓangare yana tuna ranar da ya yi nasara, yana taƙaita ranar da aka kore shi. Mai bincike ba ya zaɓar na garinsu ya watsar da ɗayan, sai ya ajiye su gefe da gefe ya auna. Wannan gaba ta zama tarihi, musamman tun ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, wadda ake danganta farkon bikin kamun kifi na zamani da ita.

Zuwan Turawa da Sojan Bariki

Sakkwato ta faɗa hannun Turawan Ingila ranar 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya kuma ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli na shekarar. Bindiga mai ruwa da igwa sun nuna cewa zamanin lifidi ya wuce. A 1906, bayan tarzomar Satiru, Turawa suka tuɓe Sarkin Gwandu Muhammadu, aka naɗa Haliru, hedikwatar masarauta kuma ta tabbata a Birnin Kebbi. Kalgo ta zama gunduma a ƙarƙashin hakimi mai sarautar Sarkin Gobir, kujerar da Yahaya ya riƙe kafin ya zama Sarkin Gwandu a 1938, haka kuma Haruna Rashid kafin 1954.

Daga wannan lokaci ma'anar mayaƙi ta canza. A da mutum yana fita ne a bayan tutar sarkinsa, ya dawo gida kafin damina. Yanzu sai a ɗauke shi kurtu, a koya masa fareti, a ba shi lamba da albashi, a kai shi ƙasar da bai taɓa jin sunanta ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Nijeriya sun yaƙi Jamusawa a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, a wurare irin su Garwa da Mora, sannan aka kai su Gabashin Afirka. Hausa ce harshen bariki a wancan zamani, ko ga waɗanda ba Hausawa ba.

A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, an nemi sarakuna da hakimai su kawo mutane, kuma ba kowa ne ya tafi da son ransa ba. Sojojin Nijeriya sun yaƙi Italiyawa a Somaliya da Habasha a 1941. Daga 1943 aka fara kai su Indiya, daga can zuwa Bama, ƙasar da a yau ake kira Myanmar, a cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Sun yi fama da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan, kuma rundunonin biyu suka haɗu suka ci Myohaung a watan Janairu na 1945. Da yawansu 'yan dako ne masu ɗaukar harsashi da abinci a ka, a dazuzzukan da mota ba ta shiga. Sunayen wasu barikokinmu sun fito ne daga wannan yaƙi, kamar Dodan da Myohaung da Arakan a Legas, da Chindit a Zariya.

Mu da muka tashi a shekarun 1960 da 1970 mun riski waɗannan dattawa. Wasu sun zama 'yan doka ko masinjoji ko masu gadi, wasu sun koma gona. Abin da suka fi ba da labari shi ne makonnin da suka yi a jirgin ruwa, da ruwan sama marar yankewa, da matsattsaku, da abincin da ake jefo musu daga jirgin sama, da abokan da aka binne a can. Muna saurare muna dariya kamar tatsuniya, babu wanda ya ce mana mu ɗauki alƙalami. Tarihin rundunonin Turawa ne suka rubuta shi, kuma sunayen hafsoshinsu ne suka cika shi. Yau kusan duk 'yan Bama sun riga mu gidan gaskiya, abin da ya rage a gidaje da yawa bai wuce lambar yabo ko takardar sallama a ƙasan adaka ba.

Yaƙin Basasa da Bayansa

Bayan samun 'yancin kai sojojin Nijeriya sun yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango daga 1960 zuwa 1964. Yaƙin Basasa ya fara a watan Yuli na 1967 ya ƙare ranar 15 ga Janairu 1970, ranar da a yanzu ake tunawa da 'yan mazan jiya a kowace shekara. A lokacin an ɗebi matasa da yawa daga Arewa, aka ba su horo na gaggawa aka tura su bakin daga, har an sake kiran wasu tsofaffin sojojin Bama. Daga 1990 kuma aka tura wasu Laberiya da Saliyo a ƙarƙashin rundunar ECOMOG. Gidan sarautar Gwandu ma bai rasa rabonsa a aikin soja ba: Mustafa Haruna Jokolo, wanda ya yi sarauta daga 1995 zuwa 2005, tsohon manjo ne, Muhammadu Iliyasu Bashar da aka naɗa a 2005 kuma janar ne mai ritaya.

Wanda ya shiga soja a 1967 yana ɗan shekara 18, yanzu ya haura 75. Wato muna tsaye da su a daidai inda muka taɓa tsayawa da 'yan Bama.

Abin da Malamai Za Su Iya Yi

Wannan aiki ba ya bukatar kuɗi mai yawa, wayar hannu da littafin rubutu sun isa. A fara da neman izinin dattijon, a je masa da ladabi ta hannun mai unguwa ko reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji. A rubuta shekarar da ya shiga da wadda ya fita, da bataliyarsa, da garuruwan da ya bi. A ɗauki hoton takardunsa da lambobinsa a mayar masa da kayansa nan take. A bambanta abin da ya gani da idonsa da abin da ya ji an faɗa. Idan ya rikita shekara kada a katse shi, a gyara daga baya ta hanyar gwadawa da abin da aka tabbatar, kamar sarautar wani sarki ko shekarar fari. Idan ya yi shiru a kan wani abu a ƙyale shi, domin akwai abin da mutum ya gani wanda ba ya son tunawa. A kuma zauna da matansu, su ne suka riƙe gida shekara da shekaru ba tare da sanin ko mai gida yana raye ba. A ƙarshe a ajiye kwafi a makaranta, a kai wani ga hukumar tarihi da al'adu ta jiha.

Kammalawa

Tarihin yaƙi ba don alfahari ko tada tsohuwar gaba ake koyar da shi ba. Ana koyar da shi ne don yaro ya san abin da zaman lafiya ya ci kafin a same shi, musamman a wannan lokaci da matsalar tsaro ta sake addabar wasu sassan Arewa. Malam Abdullahi ya rubuta abin da ya gani shekara 8 kacal bayan Alwasa, shi ya sa muke karanta shi bayan fiye da shekara 200. Dattawan da suka rage a Kalgo da Diggi da Gwandu ba duka ne za su iya rubutawa ba, amma suna iya faɗa idan an je an tambaye su. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.