Ko Kun Sani? Makuba da Laso

Tun kafin siminti ya shigo ƙasar Hausa, magidanta na da maganin yoyon soro. Ɓawon ɗorawa ake jiƙawa a samu makuba, a kwaɓa ta da ƙasa a yaɓe bango, ko a yayyafa wa daɓe don ya yi ƙarfi. Laso kuwa ya fi ta ƙarko: ana yin sa da katsi daga marina, gashin jima daga majema, sai ruwan dafara. Shi ake shafa wa rufin soro da bakin indararo kafin damina.

Mai gidan ƙasa ya kula, filastar siminti ba ta kama jar ƙasa sosai. Takan tsage, ruwa ya shiga ta bayanta ya riƙa cin bangon ba a sani ba.